Da gaske ne farfaɗiya tana bin jini?

Abban_Hanifa
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. A garin nan, da zarar an zo binciken aure aka ji cewa wani a dangin yaro ko yarinya yana farfaɗiya, shi ke nan magana ta mutu, ko da kuwa ƙanin uba ne ko ɗan goggo. Hujjar kullum ɗaya ce, wai ciwon yana bin jini. Wasu kuma su ce ba jini ba ne, iska ce da ke bin gida. Tunda akwai likitoci da malaman jami'a a nan, don Allah a warware mana: me ke faruwa a cikin kan mutum lokacin da ya faɗi, kuma nawa ne rabon gado a ciki? In akwai lissafi a kawo shi.

Likita_Ƙofar_Sauri
Wa alaikumus salam Malam. Farfaɗiya ba ciwo ɗaya ba ce, suna ne da ya rufe cututtuka da yawa. Galibi ba ma ce wa mutum yana da ita sai ya yi jijjiga sau biyu aƙalla, tsakaninsu fiye da awa 24, ba tare da wani dalili na nan take ba kamar zazzaɓi mai zafi ko faɗuwar sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita kusan miliyan 50, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe irin namu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Jininmu bai fi na Turawa farfaɗiya ba. Abin da ya fi yawa a wajenmu shi ne abubuwan da ke barin tabo a ƙwaƙwalwa: doguwar naƙuda har jariri ya fito bai yi kuka ba, maleriyar da ta hau kai, sanƙarau, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, faɗuwa a kan babur ba hular kwano, da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Duk waɗannan ba a gadonsu. Akwai kuma nau'in da gado ke da hannu a ciki, za mu zo kansa. Amma bari Malam na fiziyoloji ya fara shimfiɗa yadda abin yake aiki, in ba haka ba maganar gadon ba za ta zauna ba.

Malam_Fiziyo
To Likita, bismillah. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya da ake kira niyuron, kimanin biliyan 86. Kowace tana da jiki, da rassa masu karɓar saƙo, da wutsiya guda mai fitar da saƙo zuwa gaba.

Saƙon lantarki ne na gaske, ana iya auna shi. Idan ƙwayar tana hutawa, lantarkin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kimanin milibolt 70 (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt), shi ya sa muke rubuta -70. A fatarta akwai famfo da ke aiki da wasu sinadarai masu ɗauke da lantarki, yana fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2, dare da rana, don haka sodiyam ya taru a waje yana neman hanyar shiga. Idan saƙonnin da rassa suka tattaro suka ɗaga lantarkin zuwa wajen -55, sai ƙofofin sodiyam su buɗe gaba ɗaya, ya kwararo ciki, lantarkin ya haura har kusan +30, sannan ya sauko. Duk wannan cikin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. Kuma babu rabi-rabi, kamar kunamar bindiga ce: ko ka ja a hankali ko da ƙarfi, gudun harsashi ɗaya ne. Bambancin tsinken allura da sarar gatari ba girman harbin ba ne, yawan harbi ne a daƙiƙa da yawan ƙwayoyin da suka shiga ciki. Hodgkin da Huxley ne suka auna wannan a Ingila, a jijiyar wata dabbar teku mai kauri, suka wallafa a 1952.

Wutsiyar da ke da rigar kitse, wato mayelin, saƙo yana gudu a cikinta har mita 120 a daƙiƙa. Wadda ba ta da ita, mita ɗaya ko biyu.

Ɗalibin_UMYU
Allah ya gafarta Malam, ke nan famfon ne yake mayar da ita -70 bayan kowane harbi? Haka muka ɗauka a aji.

Malam_Fiziyo
A'a ɗana, nan ɗalibai da yawa suke zamewa. Famfon ya yi nauyin jiki da yawa a kan wannan aikin. Abin da ke saukar da lantarkin shi ne ƙofofin sodiyam su rufe kansu, ƙofofin fotasiyam kuma su buɗe ya fita. Aikin famfo shi ne ya riƙe bambancin ciki da waje a tsawon lokaci, kamar mai cika tanki. Kuma yana shan makamashi sosai. Shi ya sa idan sukarin jini ya faɗi, ko iska ta yanke wa ƙwaƙwalwa, famfon ya tsaya, ƙwayoyi su riƙa harbi ba tsari, sai ka ga jijjiga. In iskar ta yanke ɗungurungum na minti huɗu zuwa shida, ƙwayoyin sun fara mutuwa. Jaririn da ya maƙale a naƙuda abin da ke samunsa ke nan.

Famasis_Mashi
Malam a bar ni in ɗora daga inda wutsiya ta ƙare, don nan ne gonarmu. Niyuron ba ta taɓa maƙwabciyarta. Akwai ɗan rata tsakaninsu, nanomita 20 zuwa 40 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Idan lantarki ya iso bakin wutsiya, kalsiyam ya shiga, wasu ’yan jakunkuna su fashe su zubo sinadari, shi ne ya tsallaka ya zauna a kan ƙofofin ƙwayar gaba. Sinadaran suna da yawa, amma a maganar farfaɗiya biyu ne manya. Gulutamet yana cewa harba. GABA yana buɗe ƙofar kuloraid, ya ƙara nutsar da lantarkin ƙasa, wato yana cewa dakata. Totur da birki ke nan. Jijjiga ita ce lokacin da totur ya rinjayi birki a wani yanki, dubban ƙwayoyi suka shiga harbi tare a lokaci ɗaya maimakon kowace ta jira layinta.

Magungunan ma nan suke kamawa. Fenobabiton, wanda ake amfani da shi tun 1912, da diyazefam, ƙarfin GABA suke ƙarawa. Tegretol da fenitoyin suna toshe ƙofofin sodiyam na ƙwayar da ta cika harbi. Keppra kuma a jikin jakunkunan nan yake aiki.

Ummu_Khalil
Likitoci ku yi haƙuri, ni fa ban gamsu ba. Wanda ya faɗi yana karkarwa, na yarda. To wanda zai tsaya cak, ya ce yana jin warin wani abu yana ƙonewa, tsoro ya rufe shi, ya riƙa taunar baki yana jan riga, ka yi masa magana bai san ka ba, bayan minti biyu ya dawo bai tuna komai ba fa? Wannan ai kowa ya san aikin mutanen ɓoye ne.

Likita_Ƙofar_Sauri
Hajiya, wallahi kin zana hoton wani nau'in farfaɗiya tiryan-tiryan. Alamar da za a gani ta dogara ne da inda wutar ta tashi. Idan ta tashi a sashen da ke motsa hannun dama, wanda yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, hannun dama kaɗai zai riƙa fizga mutum yana kallo da hankalinsa. Idan a ƙeya ne, sai ya ga walƙiya ko launuka. Wanda kika faɗa daga sashen da ke daidai kunne zuwa ciki yake tashi. A nan ne cibiyar tsoro take, wadda ake kira amigdala, kusa da ita akwai hifokamfas mai ajiye sabon tunani, hanyar jin wari ma ta nan ta bi. Don haka wari, da tsoro ba dalili, da jin kamar wani abu yana tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, da jin kamar an taɓa rayuwa a wannan lokacin, da mantuwa bayan an farfaɗo, duk gida ɗaya suke. Abin lura shi ne kullum iri ɗaya yake zuwa wa mutum, da tsari ɗaya, kuma galibi ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu. Wannan nau'in Tegretol yana yi masa aiki sosai.

A kan hifokamfas akwai shahararren misali. A 1953 an yi wa wani matashi a Amurka, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire wannan sashen a ɓangarori biyu. Faɗuwar ta ragu, amma har ya mutu a 2008 bai sake iya riƙe sabon abu ba. Za ka gaisa da shi, ka fita ka dawo, ya karɓe ka a matsayin baƙo. Yanzu ɓangare ɗaya kawai ake taɓawa.

Ustaz_Rimi
Jazakumullahu khairan. Kada a mayar da abin kamar gaba tsakanin asibiti da addini. Ibnul Ƙayyim da kansa ya kasa farfaɗiya gida biyu, ta shafar aljanu da ta lalurar jiki, kuma ya ce ta biyun ita ce likitoci suke magana a kan sababinta da maganinta. Sannan hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim na matar da ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma tana yayewa, wato tsiraicinta yana bayyana. Aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri tare da Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ta nemi a roƙa mata kada ta riƙa yayewa. Ba a kore ta ba, ba a ƙyamace ta ba, Ibnu Abbas yana nuna ta yana cewa ga mace ’yar Aljanna. Ruƙya da Alƙur'ani halal ce ga kowace cuta. Abin da ba shi da asali shi ne duka, da ɗauri, da turara hayaƙi a fuskar wanda ba ya cikin hayyacinsa, da cewa a ajiye maganin asibiti.

Ummu_Khalil
Na gode Malam. Amma ’yan matan makarantun kwana da suke zubewa su goma a lokaci ɗaya fa? Su ma lantarki ne?

Mai_EEG
Ranki ya daɗe, wannan daban ne, kuma gaskiyarki da kika raba su. Farfaɗiya ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Akwai faɗuwar da ba ta lantarki ba, wadda matsin rai da firgici ke kawowa, kuma ba ƙarya mai ita yake yi ba. Yadda ake bambancewa: mai jijjigar farfaɗiya galibi idonsa a buɗe yake, jiki ya sandare sannan ya shiga fizga da tsari, ya lafa cikin minti biyu zuwa uku, yakan ciji gefen harshe, bayan nan sai nannauyan numfashi da barci da ruɗewa. Ɗayan kuwa ido a runtse gam, kai yana juyawa hagu da dama, abin ya lafa ya dawo har rabin awa. Maganin farfaɗiya ba ya yi masa komai, magana da ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa yake buƙata.

Kuma don Allah a daina ɗaukar gwajin EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, kamar alƙali. Wayoyi kimanin 20 ake liƙawa a fatar kai na minti 20 zuwa 30. Hans Berger ɗan Jamus ne ya fara ɗaukarsa a jikin mutum a 1924. Idan wutar ba ta motsa a cikin wannan ɗan lokacin ba, takarda za ta fito lafiya lau. Kusan rabin masu farfaɗiya ta gaske gwajinsu na farko ba ya nuna komai. Bidiyon waya na lokacin faɗuwar, wanda ya kama fuska da hannuwa tun daga farko, sau da yawa ya fi amfani ga likita. A zo da kai a wanke, ba mai, mata kuma a tsefe kitso.

Sista_Daura
Kafin a koma maganar aure, ga abin da ya kamata kowa ya haddace, don a nan ake yin ɓarna. Mutum ya faɗi: duba agogo. Janye shi daga wuta, ruwa, titi. Sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, sassauta wuyan riga. Kada a danne shi. Kada a cusa cokali ko tsinke ko yatsa a bakinsa, ba wanda yake haɗiye harshensa, haƙora kawai ake karyawa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja yana cikin wannan halin, huhu zai tafi. Da fizgar ta lafa a juya shi kan gefensa don miyau ya zubo, a rufe masa jiki, a zauna da shi har ya dawo. Kumfar bakin nan miyau ne kawai, ba ta sa wa kowa komai.

A ɗauke shi zuwa asibiti nan take idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko wannan ne karo na farko, ko ya ji rauni, ko mace ce mai ciki. Kuma mai wannan lalura kada ya yi girki a murhu shi kaɗai, kada ya ja ruwa a rijiya, kada ya shiga rafi ko ya hau bishiya, kada ya tuƙa sai likita ya yarda. Ƙuna da nutsewa suna cikin manyan abubuwan da ke halaka su a karkara.

Ungozoma_Mai'adua
Sista ta ambaci mai ciki, in ƙara. Jijjiga bayan wata biyar na ciki, ko lokacin naƙuda, ko kwanakin jego, a ɗauke ta a matsayin taune-taunen hawan jini har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ba farfaɗiya ba ce, maganinta allurar maganiziyam ce da saukar da jini da raba ta da cikin. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙahon zuci, kumburin fuska, su ne gargaɗin. Awon ciki yana kama shi tun kafin a kai ga haka.

Abban_Hanifa
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Amma har yanzu ina jiran lissafin gadon.

Malama_Jinetiks
Ga shi Malam. Kusan kowace ƙwayar jikinka tana ɗauke da ƙunshin gado da ake kira kuromosom guda 46, 23 daga uwa, 23 daga uba, a cikinsu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Ƙofofin sodiyam da fotasiyam da na GABA da aka yi bayani, kowace akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin ƙera ta. In an samu kuskure a rubutun, ƙofar ta fito da matsala. Misali ƙwayar SCN1A, ta ƙofar sodiyam ce, lalacewarta na kawo farfaɗiya mai tsanani da ke farawa kafin yaro ya cika shekara. Amma ga abin mamaki: a mafi yawan yaran, uwa ba ta da kuskuren, uba ba shi da shi, sabo ne ya faru a ƙwai ko maniyyi. Ke nan ciwo yana iya zama na ƙwayar halitta ba tare da an gada daga kowa ba.

Nau'in da ya fi yawa kuma ba ƙwaya ɗaya ke kawo shi ba, ƙananan bambance-bambance ne masu yawa suke taruwa su sa ƙwaƙwalwa ta fi saurin kamawa. Wani dogon nazari da aka yi a Rochester ta Amurka ya nuna cewa dangi na kusa, wato ’ya'ya da iyaye da ’yan uwa ciki ɗaya, kusan 5 cikin 100 ne suke samu kafin shekara 40, kimanin ninki uku na sauran jama'a. Juya lissafin: 95 cikin 100 ba sa samu. Wannan fa ɗan cikin mai ciwon ke nan. Ƙanin uba ko ɗan goggo, haɗarin ya ƙara raguwa sosai. Idan kuma an san sanƙarau ne ko haɗarin mota ya jawo, to kusan babu maganar gado.

Don haka tambayar da ta dace a binciken aure ba "akwai farfaɗiya a gidan?" ba ce. A tambayi yaushe ta fara, me ya gabace ta, mutum nawa ne a dangin, kuma yana shan magani.

Ɗan_Kusugu
Malama ina da ja kaɗan. Alƙaluman Amurka ne waɗannan, inda ba a auren zumunci. Mu nan Daura da kewaye ɗan wa da ’yar ƙani shi ne auren da aka fi so, wani gidan kaka da kakanni haka ake yi. Lissafin ba zai zama ɗaya ba.

Malama_Jinetiks
Gaskiya ne Yaya, kuma gyara ne mai kyau. Auren zumunci yana taɓa cututtukan da sai an haɗa kwafi biyu masu matsala, irin tsarin sikila: AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. ’Ya'yan wa da ƙani sun haɗa kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu, don haka damar su ɗauki ɓoyayyen kuskure iri ɗaya ta fi ta bare. A dunƙule, haɗarin haihuwar yaro da babbar lalura yana tashi daga 2 ko 3 cikin 100 zuwa kimanin 4 zuwa 6. Idan an maimaita zumuncin zuriya bayan zuriya yana ƙara hawa. Alamar da za ta sa a tsaya a nemi shawarar likitan yara ita ce a ga yara biyu ko uku a ɗaki ɗaya da jijjiga tun suna jarirai, tare da ƙaramin kai, ko jinkirin zama da tafiya, ko yaro ya fara iya abu sannan ya koma baya. Wannan daban yake da saurayin da ke faɗuwa sau biyu a shekara yana kasuwancinsa.

Tsohon_Hedimasta
Ni abin da nake son malaman firamare su sani shi ne nau'in da ba a faɗuwa. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 10, yana cikin karatu sai ya ɗauke na kamar daƙiƙa 10, ido a kafe, wani lokacin fatar ido na kaɗawa, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yana iya yin haka sau da yawa a yini. Sai a ce ba ya mai da hankali, a kai masa bulala. Mai_EEG, ba shi ne kuke sa su hura iska ba?

Mai_EEG
Shi ne Baba. Numfashi mai zurfi da sauri na minti 3 yana tayar da shi, a takarda sai ka ga tsini da tudu sau 3 a daƙiƙa a duk faɗin kai. Wannan yana cikin masu alaƙa da gado, amma kuma yana jin magani, yawancin yaran suna rabuwa da shi wajen balaga.

Famasis_Mashi
A nan ne hatsarin sayen magani a kemis ba tare da ganin likita ba yake. Tegretol da ke taimakon wanda Hajiya ta siffanta yana iya ƙara wa yaron Baba Hedimasta ciwo. Haka matashin da hannunsa ke fizga da sassafe har kofin shayi ya suɓuce, musamman in bai samu barci ba, shi ma Tegretol na iya tsananta masa. Epilim yana yi wa waɗannan aiki, amma ga mace mai shekarun haihuwa akwai babbar matsala: kusan 10 cikin 100 na jariran da aka yi cikinsu ana shansa suna zuwa da naƙasa, 30 zuwa 40 cikin 100 kuma da jinkirin fahimta. Amarya mai farfaɗiya ta ga likita kafin ciki, a duba maganin, a fara mata folik asid. Kada ta yanke da kanta don ta ga ciki, jijjigar ta fi hatsari. Tegretol da fenobabiton kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki a makonnin farko na Tegretol, a tsaya a garzaya asibiti a ranar.

Babban dalilin da ke dawo da faɗuwa shi ne tsallake magani. Wata uku lafiya, sai a ce an warke. Ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da ƙarin birkin, ka zare shi rana ɗaya, musamman fenobabiton, sai jijjigar da ba ta tsayawa. Ba a maganar dainawa sai an yi aƙalla shekara 2 ba faɗuwa, kuma a hankali ake ragewa cikin watanni. In an bi ƙa'ida, har kashi 70 cikin 100 suna iya rayuwa ba faɗuwa. Da azumi a je tun Sha'aban a tsara lokutan sha da likita, a kuma kiyaye barci.

Sannan tiramol. Iyakar abin da likita ke bayarwa miligiram 400 ne a yini, a rarrabe. Na bayan fage ƙwaya ɗaya 225 ce, yaro ya watsa uku. Yana jefa wanda ba shi da farfaɗiya ma cikin jijjiga. Saurayi ya fara faɗuwa a shekara 20, kafin a binciki kakanninsa a binciki aljihunsa.

Baban_Sadiq
To taɓin hankali fa? Shi ma da shi ake fasa aure, kuma na ji an ce kashi 80 gado ne.

Malama_Jinetiks
Wannan 80 ɗin ana yi masa mummunar fahimta. Na wani nau'in taɓin hankali ne da ake kira sikizofireniya, kuma ma'anarsa ita ce yawan bambancin da ke tsakanin jama'a wanda ƙwayoyin gado suka bayyana. Ba ya nufin ɗanka yana da kashi 80 na kamuwa. A cikin jama'a kusan 1 cikin 100 ne. Wanda mahaifinsa ɗaya ke da shi, kimanin 10 cikin 100. Tagwayen ƙwai ɗaya, masu DNA iri ɗaya sak, idan Hassan ya kamu, yiwuwar Husaini ya kamu ba ta wuce rabi-da-rabi ba. Da rubutun gado ne kaɗai ke yanke hukunci da duk biyun sun kamu. An gano wurare fiye da 200 a DNA masu hannu a ciki, kowane da ɗan ƙaramin tasiri. Wahalar haihuwa da shan wiwi tun ana ƙuruciya suna ƙara turawa.

Likita_Ƙofar_Sauri
Malama na yarda da alƙaluman, amma ni ba zan ce wa iyali 10 cikin 100 ƙaramin abu ne ba. Ninki goma ne. Haƙƙinsu ne a faɗa musu su yanke da kansu. Abin da nake ƙi shi ne ɓoyewa, don tsoron a fasa ne yake sa a kai amarya ɗaki ba maganinta, sati biyu ta faɗi a gaban dangin miji.

Malama_Jinetiks
Ban ce a ɓoye ba Likita. Cewa na yi a faɗi lamba ta gaskiya, ta ɓangarorin biyu. Mutum ya ji "ninki goma" zai gudu, ya ji "9 cikin 10 lafiya" zai zauna, alhali magana ɗaya ce.

Sista_Daura
Ni dai da za a kashe rabin ƙarfin da ake kashewa a binciken dangi wajen rigakafi, da an rage masu faɗuwar. Muna cikin yankin sanƙarau, annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, ta 2017 ma ta taɓa Katsina. Allurar tana nan. Maganin maleriya na damina da ake bi gida-gida ana ba yara ’yan wata 3 zuwa 59, a cika kwana ukun kowane wata, ba na ranar farko kaɗai ba. Jariri ya yi rawaya a ido a kwanakin farko, asibiti, ba shanya a rana ba, kuma a raba kayansa da kafur. Gubar dalma ta Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400, da jijjiga yawancinsu suka zo, waɗanda suka rayu wasu da tabo a ƙwaƙwalwa.

Ummu_Khalil
Sista, yaron da ke shiɗewa duk lokacin da jikinsa ya yi zafi, shi ma ya zama mai farfaɗiya ke nan? A fara masa maganin kullum?

Sista_Daura
A'a Hajiya. Jijjigar zazzaɓi tana samun yara 2 zuwa 5 cikin 100, tsakanin wata 6 da shekara 5, kuma ita kam tana bin gida sosai. Kusan 1 cikin 3 za su sake yi, amma mafi yawansu suna wuce ta, ba a ɗora su a kan maganin kullum. Sai dai a nan wajenmu ba a zama a gida a ce ta zazzaɓi ce kawai. A yi gwajin maleriya, a duba sukari, a duba wuya, musamman da bazara. Idan ta wuce minti 15, ko ɓangare ɗaya na jiki ne ke fizga, ko ta maimaita a yini ɗaya, ko yaron bai dawo daidai ba bayan awa ɗaya, wannan sai an kwantar da shi an bincika.

Ɗan_Kusugu
Malama_Jinetiks, in koma kan zumuncin. Idan yara biyun da kika siffanta a ɗakin yayar yarinyar suke, kuma mijin yayar wan saurayin ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya lissafin yake?

Malama_Jinetiks
In har lalurar ta kwafi biyu ce, to yayar da mijinta duk suna ɗauke da ita. Ƙanwar tana da kimanin rabi na ɗauka, ƙanin shi ma rabi. Rabi sau rabi sau 1 cikin 4, ya ba ka 1 cikin 16 a kowane ciki. Amma kafin a hau wannan lissafin a fara kai yaran biyu wajen likitan yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da katin haihuwarsu da bidiyon jijjigar, a tabbatar ba wahalar naƙuda ko shawara ba ce ta same su duka biyun.